Haƙoran Rashida Na Ciki

Matameye, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Mahamadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Kano, ya teburin shayi? Inna tana gaishe ka, matarka Najaha ma haka. Na ba Salim direba takarda maimakon in buga waya, don ka san gidanmu, in ana waya Inna tana ji daga ɗakinta, kuma maganar ta shafe ta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a lakwal, karatun bokona bai yi nisa ba.

Ranar Asabar da safe ina bakin rijiya ina asuwaki, 'yarka Rashida ta zo ta tsuguna gabana tana kwaikwayona da tsinke. Da ta buɗe baki sai na ga abu. A ƙasa, bayan haƙoranta biyu na gaba, wasu biyu sun fito ta ciki, sun yi layi biyu. Na cikin sun fi faɗi, sun ɗan yi rawaya, bakinsu tsaga-tsaga kamar zarto. Na wajen farare ne ƙanana. Na taɓa su da yatsa, ɗaya yana motsi sosai, ɗayan kaɗan.

Kuskurena shi ne na kira Najaha da ƙarfi. Inna ta riga ta isowa. Ta kama haɓar yarinyar ta leƙa, ta yi salati, ludayin hannunta ya faɗi. Ta ce, "A kira min Rabi'u wanzami ya cire na cikin nan." Na ce, "Inna, na ciki ko na waje?" Ta ce, "Makaho ne kai? Ga masu kyau farare a gaba, munana sun biyo ta baya."

Allah ya taimaka Baba Rabi'u ya tafi Kurni yi wa yara kaciya, sai Juma'a ta sama zai dawo.

Yaya, ni ba malami ba ne, amma 'yan lakwal gaban rumfar facina suke wucewa kullum. Yau na tsai da guda tara na ce su yi min dariya. Duk wanda ya yi famfara sababbi suka fito, irin na cikin nan ne, da rawayar da tsagar. Ina zaton su ne na girma. Kai ne ubanta, ka aiko da magana a dakata.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Yunus


Kano, ranar Laraba

Yunus,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, muna lafiya, kasuwa da godiya. Ka gaida Inna da kyau.

Na karanta. Faci aka san ka da shi, yaushe ka koma leƙen bakin 'ya'yan mutane? Wata rana uban wani zai biyo ka da sanda.

Inna ta haifi bakwai, kai ko ɗaya ba ka goya ba. Haƙorin yaro ai fita yake wani ya fito. In an cire na cikin, wasu za su zo daidai inda ya kamata. Ni da kai duk mun yi giɓi, ga mu muna cin nama. Abin da Inna ta ce shi za a yi. Kada ka tsaya kana musu da ita gaban Najaha, kuma kada in ji ka sa ta kuka.

Na ba Salim leda, akwai goron Inna da alawar Rashida.

Wassalam.
Yayanka, Mahamadu


Matameye, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Mahamadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙo ya iso, Inna ta sa albarka. Alawar tana hannuna, zan gaya maka dalili.

Ban yi musu da Inna ba. Amma ranar Alhamis na ɗauki Rashida da Najaha a babur muka je gidan likita. Na gaya wa Inna kafin mu fita. Majo, babban mai jinya na wurin, shi ya duba ta da tocila. Ya ce ta tura haƙoran waje da harshe, ta tura, ya yi dariya ya ce, "Wannan ɗin kwanansa ya kusa."

Ga abin da ya ce, na sa ya maimaita don in rubuta daidai. Haƙori sau biyu yake zuwa wa mutum, babu na uku. Na wajen su ne na nono, su za su zube. Na cikin su ne na girma, in aka cire su Rashida za ta zauna da giɓi har tsufanta. Ya ce yara da yawa haka nasu ke fitowa, ba ciwo ba ne, in na nonon suka faɗi harshe zai tura sababbin gaba. Ta riƙa girgiza na wajen da hannu mai tsabta. In wata biyu suka wuce ba su faɗi ba, a kai ta Damagaram wurin likitan haƙori ya cire na nonon, ba na ciki ba. Ya kuma ga wani haƙorin turmi a can baya ya fara baƙi, ya ce a rage zaƙi, a riƙa goge mata baki safe da yamma. Dalilin alawa ke nan.

Na zauna na gaya wa Inna duka a hankali. Ta ce, "Shi majon yaushe aka haife shi?" Najaha ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Daga baya Najaha ta ce min, "Kai dai da sanyin jiki, ana cire wa 'yata haƙori kana neman takarda da biro."

Yaya, na lura da wani abu. Inna ba fushi take ba, tsoro take ji. Jiya sau biyar na ga ta taɓa goshin Rashida, yarinyar kuwa lafiyarta lau, tana tsalle da igiya. Ta hana ta kwana ɗakin uwarta, ta mai da ita nata. Ita Inna tuwonta ma rabi take ci. Haƙori kaɗai ba zai sa Inna haka ba. Akwai abin da kuka sani ni ban sani ba. Saura kwana shida Baba Rabi'u ya dawo.

Allah ya tsare.
Ƙanenka, Yunus


Kano, ranar Talata

Ƙanena Yunus,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku, har madara ta ƙone min a wuta.

Ka san muna da 'yar'uwa Halima da ta rasu kafin a haife ka. Abin da ba ka sani ba, haka haƙoranta suka fito, layi biyu, tana shekara shida. Ni ina da goma, ina tunawa. Tsofaffin unguwa suka ce wa Inna mugun haƙori ne, a cire. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce ba mai taɓa masa 'ya. Ba a yi wata ɗaya ba zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Inna ba ta taɓa ce masa komai ba, amma na san abin da ta riƙe a ranta shekara ashirin da biyar.

Na yarda da maganar majo. Amma ba zan iya rubuta wa Inna a'a ba, kalmar da Baba ya faɗa ke nan. Kuma ba zan ce a cire ba. Ka tari Baba Rabi'u kafin ya shiga gida, ka gaya masa duk abin da ka gaya min. In ya duba da idonsa, abin da ya ce shi ne nawa.

Ka ce wa Najaha ta yi haƙuri. Alawar ka shanye.

Yayanka, Mahamadu


Matameye, ranar Juma'a

Yaya Mahamadu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Salim yana jira, zan taƙaita.

Na tari Baba Rabi'u a tasha na ɗauko shi a babur, na gaya masa komai a hanya. Da na gama sai ya ce, "Yi a hankali da ramin nan."

Inna ta shimfiɗa masa tabarma. Ya ajiye zabirarsa, ya ce wa Rashida, "Zo nan, amaryata, buɗe in ga dukiyar." Ya taɓa na waje, ya taɓa na ciki, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hajiya, na cikin nan sun kafu. Ba zan sa ƙarfe a kansu ba."

Inna ta ce, "Rabi'u, ka manta Halima?"

Ya ce, "Ban manta ba. Shekarar ƙyanda ce. Kwana huɗu tsakanin rasuwarta da ta ɗana Sule, shi kuwa haƙoransa a jere suke ras, layi ɗaya. Yara goma sha ɗaya muka kai makabarta a unguwar nan, Hajiya, ni na san bakin kowannensu."

Sai Inna ta ce wa Najaha, "Kawo wa baƙo fura, kin tsaya kina kallona." Ta shiga ɗaki. Da azahar ta fito da tabarmar Rashida da kanta ta mai da ita ɗakin uwarta.

Haƙoran nonon suna nan, ɗaya yana lilo. Na ciki ba wanda ya taɓa su, zabirar ma ba a kwance ta ba. In kana ganin na ƙara gishiri, Najaha tana wurin, da Malam Yahaya maƙwabcinmu da ya shigo aron guga, da matarsa Basira da take leƙe ta kan katanga.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Yunus