Ranar da Babanku Ya Raka Ni Gareji

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan sai godiya. Ƙafar Gwaggonki ta yi sauƙi, har ta koma yawon da aka hana ta.

Kin tambaye ni Babanku. Kin san tun da idonsa ya tafi ya miƙa mini makullin mota ya shige ɗaki, magana ma sai da ƙyar. Ni kuwa ina lallaɓa ta zuwa wurin aiki in dawo. To, kwanakin baya sai ta tsiro da wani hali: shan mai kamar ana zubarwa, baƙin hayaƙi ta salansa, allurar zafi kuma a kwance, komai nisan tafiya ba ta motsi. Na ɗauka ni na lalata ta da tuƙin koyo. Na ɓoye wa Babanku, har na yanke shawarar in ajiye ta in koma shiga ta haya.

Wata safiya ina ɗumama ta a tsakar gida, sai ga shi yana laluben bango. Ya tsaya a bayanta ya shaƙi hayaƙin, ya ce wannan ɗanyen mai ne. Ya tambayi abin da ya sa fanka take juyi alhali inji ko ɗumi bai yi ba. Na gaya masa komai, ina jiran faɗa. Sai ya ce ba laifina ba ne, akwai wata 'yar na'ura, sansa, mai gaya wa mota zafin ruwan inji. Idan ta mutu, motar sai ta zaci kullum a sanyi take, ta yi ta ɗura mai. Ya ce in miƙo masa hularsa.

A gareji, bakaniken, tsohon abokinsa, ya rungume shi ya daɗe bai sake shi ba. Babanku ya hana a kwance komai sai inji ya huce, kada ruwan zafi ya ƙona wani. Ya sa aka fara duba ruwan lagireto, sannan ya bi soket da wayoyin da yatsunsa. Duk lafiya lau. Da aka sa sabuwar sansa aka tayar, fankar ba ta motsa ba, allura ta hau a hankali ta tsaya a tsakiya. Ina faɗa masa, yana gyaɗa kai.

Muka kamo hanyar gida har muka shigo layinmu. Ya ce, “Kina saurin sakin kuloci. Gobe zan raka ki.” Tun ranar kuwa kullum yana gefena, yana yi mini gyara har kunnena ya gaji. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, da Babangida da 'yar Autarki. Babanku ya ce ki kira shi, yana da labarin da zai ba ki da bakinsa.

Taki har kullum,
Mama