Babanka Yana Shirin Ɗaukar Azumi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Babangida, a Fatakwal. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki, ya zaman garin mutane?

Ga labarin gida. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da ka sani. Ƙanwarka Hadiza ta warke sarai daga korona, har ta dawo jin ƙanshin girki, yaranta ma ba abin da ya same su. Maman Talatu maƙwabciyarmu, mai asma, an sallamo ta, da ƙafarta take zuwa coci. Malam Idi mai shayi ya rasu kamar yadda ka ji, korona ce ta tarar da hawan jini a jikinsa. Wanda ba shi da lafiya shi ne babanka.

Na san za ka ce ai duk kiran da ka yi, da sauƙi muke ce maka. Haka ne. Ka san mu ba a tambayarmu ya mai jiki mu ce wani abu ban da wannan. Ranar da aka sa masa robar iska a hanci a asibitin Kaduna ma, da sauƙi na ce maka. Baki ba ya iya faɗin sauran, shi ya sa na zauna na rubuta. Da girma na koyi rubutu a ajin matan aure, ka yi haƙuri da inda na karkace. Na sa wasiƙar a nan inda dangi ke haɗuwa a waya, don kawunnanka su ma su karanta.

Korona ta tafi, gwaji ya nuna babu ita. Amma ba ta bar shi yadda ta same shi ba. Likitan ya gaya mana mai ciwon suga ba ya tashi daga wannan cuta kamar kowa. Da can ƙwaya ɗaya ke riƙe masa sugan, yanzu sai da aka ƙara masa allura. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Masallacin ƙofar gida, a zaune yake bin salla. Wandunansa duk na rage musu ƙugu.

Ba jikin kaɗai ba. Tun da ya dawo, 'yan majalisarsu daga bakin zaure suke gaishe shi su juya. Ban ga laifinsu ba, kowa tsoro yake. Gonarsa ta wajen Kakangi kuwa ko da ƙarfi ba ta shiguwa, saboda mutanen daji. Sai ya wuni a kan tabarma, rediyo na magana, shi ba ya ji. Mutumin da da in ya fara ba'a da Hadiza sai na kore su daga madafa.

Ana haka kayan azumin da ka aiko suka iso. Mun gode, Allah ya yi albarka. Gero, shinkafa, suga, dabino, komai ya zo lafiya. Sai dai babanka ya buɗe kwalin dabinon ya daɗe yana kallo, ya ce, “To, yaro ma ya san zan yi azumi.” Tun ranar ya ɗauka ka goyi bayansa. Ba laifinka ba ne, abin da muka gaya maka ka yi aiki da shi.

Litinin da ta wuce ya ce zai gwada na nafila ya ga ƙarfinsa. Na hana, bai hanu ba. Ya yi sahur, ya yi allurarsa yadda ya saba. Wajen la'asar ina tankaɗe na ji buta ta faɗi. Na tarar da shi zaune a ƙasa bakin rijiya, zufa ta jiƙe rigarsa, yana kallona kamar bai san ni ba. Na dama suga a ruwa na ɗura masa, yadda aka koya mana a asibiti, sannan ya dawo hayyacinsa. Maganar da ya fara yi ita ce kada a gaya maka.

Washegari Hadiza ta kai shi asibitin nan gari. Sun ce sugan ne ya faɗi ƙasa, kuma bana azumi ba nasa ba ne. Sun ce in ya sake faɗuwa ba kowa kusa, abin zai iya wuce asibitinmu. Ka kuma san hanyar Kaduna, ba a binta duk sa'ad da aka ga dama, sai an jira rakiyar sojoji.

Liman ya zo har gida ya zauna da shi. Ya ce Allah ya ɗauke wa marar lafiya, ya sha, in ya warke ya rama, in ciwon mai zama ne ya ciyar. Babanka ya saurara da ladabi, ya sa aka raka liman. Da ya tafi sai ya ce mini tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, an raba shi da gona, an raba shi da mutane, wannan kuma ba mai raba shi da shi.

Na yi magana har na gaji. Ni in na faɗa, cewa yake tsoron mata ne. Kai kuwa sunan mahaifinsa gare ka, tun kana goye bai taɓa iya yi maka musu ba. Ka tuna shekarar da ya kafe sai ya hau babur zuwa Gwaska cikin ruwa, kowa ya yi ya bari, kai kana ɗan makaranta ka riƙe masa riga, ya sauka.

Ɗana, ban ce ka zo ba, kada ma ka soma hawa hanyar nan. Ka kira shi, kuma kada ka tsaya a kan ya jiki, don ka san amsar da zai ba ka. Ka ce masa ka ji abin da ya faru ranar Litinin, kai ne kake roƙonsa ya sha azumin bana. Ka ce geron nan a ciyar da shi a madadinsa, a dama kunu a kai masallaci da sunansa, ko zai ji shi ma yana cikin watan. In ya yi fushi da ni don na faɗa, zan ɗauka. Fushinsa ba ya kwana biyu, kuma gara ya yi fushin yana nan.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba duk marasa lafiya, ya jiƙan waɗanda cutar nan ta tafi da su. Allah ya tsare min kai a inda kake, ya kai mu watan da rai.

Ka ba ni amsa kafin Juma'a, in san ko kun yi magana da abin da ya ce. Ana sa ran ganin wata farkon mako, in kuwa ya riga ya ɗauki niyya, ba ni ba, ko kai ba za ka sauke shi ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
daga Birnin Gwari.