Manoma Arba'in Sun Ɓace a Jeri

Yaya Ikrama,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Mama? Lafiyata lau a Kurudu, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Ka san aikina, gyaran manhajar da ke fassara wa kwamfuta umarni. Ni na nace a bar kowane sashe ya kafa ƙa'idarsa ta jera bayanai. To, wani sashe ya jera sunayen manoman Sheda da ƙa'idarsa, wani ya neme su da tasa. Mutum arba'in sun ɓace a jerin rabon iri, ga damina ta ƙarato. Oga ya ba ni zuwa Litinin.

Ka sa ni a addu'a. In Mama ta tambaya, ka ce mata ina cin abinci.

Ƙanwarka,
Kauthar