Fasfon Pak Wagimin Yana Cikin Durowata

Kak Zaharah, don Allah ki taimake ni da shawara kafin azumin nan ya ƙare. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na tambaya a gida sai ya ƙara dagula mini lissafi.

Ina da 'yar masana'antar kujeru da tebura a bayan garin Muar, a nan ƙasarmu mai maƙwabtaka da Singafo, wadda marigayi mijina ya bar mini. Itacen roba muke aiki da shi kamar kowa a nan, sai dai mu muna yi wa bayan kujerunmu sassaƙar furanni da hannu, kuma ita kaɗai ta sa har yau ba mu rufe ƙofa ba. Kin san yadda kasuwa ta koma tun da ƙasashen yankinmu suka cire wa junansu harajin kaya. Kujerar Biyetnam tana zuwa har shagon da ke kallon ƙofata, a farashin da ko katakona ba zai saya ba. Masu saye ma sun koyi baki, da ka faɗi kuɗi sai su ce ai a can an yi musu ragi. Babban mai saye ɗaya ne kawai ya rage mini, wani mai otal-otal, shi ma don sassaƙar yake zuwa. Ya ba ni aiki mai yawa, zan cika masa wata biyu bayan Sallah. In na saɓa, ya tafi ke nan.

To sassaƙar nan hannun mutum ɗaya ce, Pak Wagimin, mutumin Jepara ta Indonesiya. Tun 'yata Hazwani tana firamare yake tare da mu. Da shi aka ɗauki makarar mijina. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, sai dai katako in ya ƙi masa.

Makon jiya ya shigo ofis, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Hajiya, 'yata Lastri za ta yi aure bayan Sallah, ni ne waliyyinta. A taimaka mini da fasfona in je in ɗaura in dawo." Fasfon yana cikin durowata tare da na sauran ma'aikata. Kada ki yi mini wani kallo, kowa a layinmu haka yake yi. Mijina ne ya fara, wai don kada su ɓata a ɗakin kwanansu, ni kuma na tarar na ci gaba. Na ce masa zan duba. Ya ce to, ya mayar da hularsa ya fita.

Abin da bai faɗa mini ba, direbanmu ya tsegunta mini: an buɗe sabuwar masana'anta a Jepara, ƙanen matarsa na aiki a can, kuma sun daɗe suna zawarcinsa. Albashin bai kai nawa ba, amma zai riƙa kwana a gidansa. Bara ma mutum biyu na sallama suka tafi Sallah, har yau sai gaisuwa ta waya.

Ƙanen mijina, Kamarul, wanda ke taya ni kula da wurin, cewa ya yi, "Yaya, ke dai tausayinki zai kai mu ya baro. Ce masa takardar tana wajen sabuntawa mana. Aure ai ana wakilci, ya wakilta ƙanensa ta waya. In mota ta kwashe kayan mai otal, ya tafi har bangon duniya in ya ga dama." Na yi masa tsawa, amma gaskiya maganar ta zauna mini.

Kada ki ce in nemi ɗan ƙasa, na nema har na gaji. Samarinmu ba sa son ƙurar katako. Duk sun kama ɗaki a Johor Bahru, kullum suna ƙetare gada a kan babur zuwa Singafo, sun gwammace wanke kwanuka a can da koyon sana'a a nan. Ni ma gidana bai tsira ba. Hazwani nas ce, nan ta yi karatunta, wani asibitin Singafo ya ɗauke ta. Sallah biyu ke nan ba ta zo ba, wai ma'aikata sun yi ƙaranci, ba hutu. Sai in dafa rendang, naman nan namu na Sallah mai madarar kwakwa, in ɗibar mata rabonta in sa a firiza, ya yi makonni yana jiranta. Ban taɓa ganin marasa imani irin shugabannin asibitin nan ba, kamar ba uwa ce ta haife su ba. Bana ma har yanzu ba su ba ta amsa ba.

Na yi nisa da zance. Iyalai da yawa ke cin abinci a wurin nan, ba ni kaɗai ba, kuma in ya rufe a hannuna ban san da wane ido zan dubi dangin mijina ba. In miƙa masa fasfon, ko in bi ta Kamarul na wata biyu kacal?

Mai Kujeru, Muar

Hajiya Mai Kujeru,

Ki buɗe durowar nan gobe da safe ki ba mutumin nan fasfonsa, shi da sauran. Na fara da wannan ne don kada ki ɓata lokaci kina neman amsar a ƙasa.

Tsoronki ba na banza ba ne, kuma ban ɗauke ki muguwa ba. Kasuwa ta matse ki ta gaba, ma'aikata na zamewa ta baya, ga amanar marigayi a wuyanki. Kamarul ma ba ƙiyayya ce ta sa shi magana ba, yana tunanin abincin mutane ne. Amma shawararsa ba ta da kyau ta kowace fuska. Dokar ƙasar nan ba ta yarda kowa ya riƙe fasfon wani ba, ko da duk layinku na yi. Masu saye da yawa yanzu suna bincika irin wannan, kuma zancen zai iya raba ki da mai otal ɗin fiye da jinkirin kaya. Sannan ƙarya ce za ki yi cikin azumi, ga mutumin da ya ɗauki makarar mijinki. In ya gano, kuma zai gano, za ki samu kujerun wata biyu ki rasa shi har abada.

Bayan kin ba shi, ki zaunar da shi ki tambaye shi kai tsaye game da aikin Jepara. Ki gaya masa kin ji, kuma ba ki riƙe shi da komai ba. Mutumin da fasfonsa ke aljihunsa ya fi iya faɗa miki gaskiya. Ki roƙe shi ya sassaƙe abin da zai iya kafin Sallah, ya bar samfuri, ya nuna wa biyu daga cikin masu hannu a wurinki. Ki kira mai otal tun yanzu ki nemi a raba kayan kashi biyu. Wanda ya zaɓe ki don aikin hannu ya san aikin hannu ba ya son gaggawa.

In ya ce ba zai dawo ba, kada ki ɗauka an gama. Yarjejeniyar da ta kawo kujerar Biyetnam ƙofarki, ita ce za ta sauƙaƙa shigo da bayan kujera sassaƙaƙƙe daga Jepara. Ki bincika ko zai riƙa yi miki daga gida yana aikowa, ku kuna haɗawa a Muar. Ba na ce zai yi sauƙi ba, wataƙila ma ki yi asara a wannan karon. Amma wurin da ya dogara da hannun mutum ɗaya dama yana cikin haɗari, ko da aure ko babu.

Sai abu na ƙarshe. Ki sake karanta abin da kika rubuta a kan shugabannin asibitin Hazwani, a hankali. Su hutu kawai suka hana ta, fasfonta na hannunta. A Jepara akwai wata yarinya mai suna Lastri, ita ma ta ɗibar wa babanta rabonsa tana jira, kuma har yanzu ba a ba shi amsa ba. Ba ki da iko da asibitin Singafo, amma makullin durowar nan yana jakarki.

Allah ya buɗa miki kasuwa, ya sa albarka a auren Lastri, ya sa bana Hazwani ta ci rendang ɗinta da zafinsa.

Kak Zaharah