Sabon Maus ɗin Baffa

Baffa,

Na wuce Kiyawa a motar farko, ban so in tashe ka daga barcin bayan asuba ba.

Ka yi haƙuri da maganar jiya. Bai kamata in ce ka koma aiki da hagu a gaban yara ba, alhali kai ka koya mana ba a karɓa da hagu, ba a bayarwa da ita. Na ga yadda ka ture maus ɗin kwamfutar ka tashi. Na san ba da shi kake fushi ba, da hannun daman nan ne da yake rawa tun rashin lafiyarka.

Da yamma na je shagon masu kwamfuta. Mai shagon ya so in ɗauki sabon yayi mai jan haske a ƙasa, amma ba shi da nauyi, hannu na motsawa kibiyar sai ta gudu. Na zaɓi mai ƙwallo, ya fi zama. Gefensa biyu kuma iri ɗaya ne, kowane hannu zai hau.

Na jona shi, na ajiye a dama inda ka saba. Tarihin rugarmu yana nan inda ka tsaya, daidai zuwan Kaka Miga da shanunsa. Sauran labarin ba wanda ya san shi sai kai.

Na hana kowa shiga ɗakin sai azahar. Wayarsa doguwa ce, Baffa, ta kai ɗaya ɓangaren.

Hindatu