Awon Zafin Saba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya shago, ya ƙafar Umma?

Kar ka yi mini dariyar takarda. A nan tun a bakin ƙofa ake karɓe wayoyinmu, a gidajen ma'aikata kuwa sabis sai an hau tanki. Direbanmu ne zai kawo maka wannan.

Sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke ajiye awon ruwan da muke tacewa, ta tsiri mutuwa da kanta tana tashi. Oga ya ce manhajar da na rubuta ce ke kashe ta. Na ce zafi ne ko faifan ajiyarta. Ya ce in kawo shaida kafin wata ya ƙare, in ba haka ba zai nemo wani.

Manhajar awon zafi da lafiyar faifai nake so in ɗora mata. Sai dai ba ta hawa sai an haɗa ta da kamfaila, wanda ke mayar da rubutunmu yaren inji, sabar kuwa ba ta da shi. Doka kuma ta hana a jona ta da intanet. Don Allah ka sauko mini da su a filash. Sigar tsarinta na bayan takardar nan.

Ƙanwarka,
Auta

*

Autar Umma,

Wa alaikis salam. Kowa lafiya. Ashe injiniya ma tana tunawa da mai gyaran kwamfuta na bakin titi?

Ga filash nan, komai na ciki. Na gwada a tawa, ya hau kamar an shafa masa mai. Umma ta ce ki riƙa cin abinci. Ban faɗa mata maganar Oga ba, kin san ta da hawan jini.

Allah ya ba da sa'a.
Yayanki

*

Yaya,

Barka da aiki. A gaishe da Umma.

Bai hau ba, wanda ka sake aikowa ma haka. Kowane filash sai ya kwana a ofishin tsaro ana bincikensa, sannan in sauka ɗakin ƙasa inda sabar take da rigar sanyi, in zauna a kan kwali domin babu kujera. Kamfaila ya ce yana son wani abu. Ka aiko, wannan abin ya ce shi ma yana da ɗan'uwa da aka baro. Wallahi na gaji, Yaya. Ƙarar fankokin sabar nan har gida take bina.

Ina jin na gano matsalar. Kwamfutarka ta shekara da shekaru tana wannan aiki. Duk abin da take da shi ba ta sake saukowa da shi, ta ɗauka kowa ma yana da shi. Sabarmu kuwa fanko ce. Ka samo wadda babu komai a kanta, mai irin tsarinmu, ka sauke daga can.

Jiya na ga baƙon mutum a ofishin Oga da takardu a hannu. Ban tambaya ba.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Kin yi gaskiya, kunya ta rufe ni. Na goge wata tsohuwar kwamfuta a shago tas, na sauke komai, na zare mata intanet, na gwada. Ya hau.

Wata magana kuma, kar ki ji haushi. Lambobin awon nan ke kaɗai kike iya karanta su a wurin. In ba su fito yadda kike so ba, ki ce zafi ne, a canja fanka, ki samu lokacin gyara naki a hankali. Ba zan iya ganin kin dawo gida da akwati ba.

Ki kula da kanki.
Yaya

*

Yaya,

Na gode, Allah ya saka da alheri. Komai ya hau.

Na bar awon yana gudu har ta sake mutuwa a gabana. Zafi daidai, faifai lafiya, fankoki duk suna juyawa. Sabar ba ta da laifi.

Na daɗe a kan kwalin da takardarka a hannu. Ruwan nan mutane ke sha, Yaya. Na buga sakamakon yadda yake, na kai wa Oga.

Ka ce wa Umma ina tafe da akwatina. Dalilin ka bar mini, ni zan faɗa mata.

Ƙanwarka,
Auta