Injin Waldar Baba

Tegal, 3 ga Maris, 1994

Zuwa ga yayana Mas Warsito,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aikin wuta a Batam? Mama na gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Injin waldar Baba ne ya sa na rubuto. Da safe lafiya lau yake aiki, amma da ya yi awa guda sai wutar ta mutu, sanda ta dinga mannewa a ƙarfe, ga wani ƙauri. Jiya ya ja mijina Kasnadi har ya faɗi a kan angar jirgin ruwa da yake gyara wa masunta. Ya miƙe yana cewa, "Tarmini, tsohon nan ya gaji, a sayar kafin ya kashe ni." Sau uku ke nan yana faɗin haka cikin wata guda. Me ka gani?

Ƙanwarka,
Tarmini

Batam, 15 ga Maris

Ƙanwata Dik Tarmini,

Wa alaikumus salam. Shekara talatin injin nan yana hannun Baba bai ja ko kyanwa ba, sai yanzu? Kada a sayar. Ki cire shi daga soket tukuna. Ki bi manyan wayoyin nan biyu da hannu, ko fatarsu ta tsage. Ki kankare tsatsar maƙalin da ake kamawa a jikin ƙarfe, iskar teku na cinye shi. Ki ga ko fanka na juyawa. Amma kada ki buɗe murfin, ba aikinki ba ne. Kuma ki tambayi mijinki wa ya ce zai saya. Tagullar da ke ciki ta fi injin daraja, kowane maƙeri a Tegal ya sani.

Yayanki,
Warsito

Tegal, 29 ga Maris

Mas,

Gaisuwa mai yawa. Wayoyi lafiya, fanka lafiya, maƙali na ƙyalli, matsala na nan. Don haka na saɓa maka, na buɗe. Mas, an taɓa cikin injin nan. A gefe ɗaya na koyil, wato naɗin wayar da ke ciki, an yanke tagulla mai yawa, an jona farar wayar alminiyam, mahaɗin ya ƙone ya yi baƙi, har ya narke ya taɓa jikin akwatin.

Na kira Kasnadi na nuna masa. Na ce, "Nawa suka ba ka?" Ya kalle ni ya ce, "Ni zan saci tagulla, sannan in tsaya ina walda da shi ya ja ni? Mahaukaci kika aura?" Na ce ai shi kaɗai ke riƙe da makullin shago. A gaban Mama na faɗa, a gaban masunta biyu. Ya ajiye makullin a kan teburi, ya ɗauki babur ya tafi gidan uwarsa a Brebes. Yau kwana shida. Shago a rufe, masu anga sun kai aikinsu wani wuri.

Ka yi gaskiya a kansa, ko? Ka ce mini ka yi gaskiya, don ba na iya cin abinci.

Tarmini

Batam, 9 ga Afrilu

Dik,

Sallama. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa. Ni na yanke. Shekara tara ke nan, makon da zan taho, Baba yana asibiti. Ba ni da kuɗin jirgi, na sayar da tagullar, na jona alminiyam, na ce zan dawo in gyara kafin wani ya gani. Da takardarki ta zo na gane abin da ya faru, tsoro ya sa na tura ki kan Kasnadi. Kada kowa ya sake kunna injin. Ki je Brebes ki nuna masa wannan.

Warsito

Tegal, 20 ga Afrilu

Mas,

Na je. Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce a gaban mutane aka kira shi ɓarawo, a gaban mutanen zai ji daga bakinka. Mama ba ta sani ba tukuna. Jirgi na tashi daga Batam kowace ranar Laraba.

Ka huta lafiya,
Tarmini